Gwaiba, kuka, tattasai: wanne ne zai ba kajinka da kifinka bitamin C?



Duk shekara da zarar watan Maris ya kama, rana ta fara ƙuna, tambaya ɗaya ce take cika min akwatin saƙo: "Malam, zan iya matsa wa kajina lemun tsami a ruwa maimakon in sayi bitamin C?" Wani ya ce shi tsamiya yake jiƙa musu, wata ta ce zoɓo take dafawa. Masu kifi kuwa nasu salon daban ne, ba sa tambaya sai ranar da suka ga kan tarwaɗa ya tsage ko bayanta ya lanƙwashe. Yau bari mu zauna mu warware maganar, don akwai asarar da ake iya kauce mata da abin da bai taka kara ya karya ba.

Abin da ya kamata kowa ya fara riƙewa shi ne, a wajen bitamin C kaza da kifi ba jirgi ɗaya ya ɗauko su ba.

Kaza tana haɗa nata bitamin C da kanta, a cikin ƙodarta, daga sukarin da ke jikinta. Akuya da tunkiya da saniya ma suna haɗa nasu, su a hanta. Mu mutane ba ma iyawa. Biri ba ya iyawa, ɓeran Masar ba ya iyawa, kuma tarwaɗa da karfasa da muke kiwo su ma ba sa iyawa. Duk wanda ke wannan layi na biyu, in bai ci a abinci ba, to babu inda zai samu. Da dabbobi ma aka gano bambancin. A 1907 wasu likitoci biyu a ƙasar Norwe, Holst da Frolich, suna gwaji da tantabaru suna ba su hatsi zalla. Da suka koma kan ɓeran Masar da irin wannan abinci, sai ga cutar nan ta kumburin dasashi da zubar jini da ta daɗe tana kashe matuƙan jirgin ruwa ta bayyana a jikinsa, abin da ba a gani a tsuntsu. Tsuntsu yana da masana'antarsa a ciki.

To tunda kaza tana yin nata, me ya kawo maganar ba ta ƙari? Zafi.

Zafin jikin kaza mai lafiya yana wajen digiri 41. Ba ta gumi irin namu, ga gashi ya lulluɓe ta. Yanayin da ta fi sakewa a cikinsa tsakanin digiri 18 zuwa 24 ne. Da ɗaki ya doshi 30 za ka ga ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai, ta bar abinci ta tare a gindin ruwa. Yanzu ka tuna a Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, watan Afrilu yana haura digiri 40 a waje, balle a ƙarƙashin kwanon da ba rufin ciki. A irin wannan hali jikin kaza yana cinye bitamin C da sauri fiye da yadda ƙodar take iya haɗawa. Sai cin abinci ya ragu, girma ya tsaya, garkuwar jiki ta yi rauni. Mai ƙwai ta rage yi, wanda ta yi ɗin ma ɓawonsa ya yi laushi, domin yawan haki yana fitar da iskar da jikinta ke buƙata wajen gina ɓawon. Manyan buroila na sati biyar zuwa shida, waɗanda ka gama kashe wa kuɗi kana jiran mai saye, su ne suke fara faɗuwa tsakanin azahar da la'asar. Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun yi aiki mai yawa a kan wannan, a yanayinmu na bazara da kuma lokacin ɗaukar kaji a mota, kuma sun ga bitamin C yana rage wa kaza wannan galabaita.

Ke nan ga kaza, bitamin C abin lokacin matsi ne: zafi, tafiya a mota, sauya ɗaki, yanke baki, bayan rigakafi, ko farfaɗowa daga ciwo. A watan Disamba da sanyi, kaji suna lafiya suna ci, ba sai ka ɓata kuɗinka ba.

Yanzu mu shiga kasuwa mu ga wa ke da shi. Duk lissafin da zan kawo na giram 100 ne na abin da ake ci, ɗanye.

Yawancin mutane in an ce bitamin C lemu ne yake zuwa musu a rai. Lemun zaƙi yana da wajen miligiram 50. Ba laifi, amma ba shi ne sarki ba. Ƙananan lemun tsami namu koraye, waɗanda ake ta yabo, ba su kai haka ba ma, wajen 30 ne. Gwaiba ta haura 200, wato ta ninka lemun zaƙi sau huɗu, ga ta a yashe a gindin bishiya ba mai kallon ta. Jan tattasai ɗanye yana da wajen 130, ɗanyen barkono ya kai haka ko ya fi. Daga jan tattasan ƙasar Hungari ma Albert Szent-Gyorgyi ya riƙa tace sinadarin da yawa, mutumin da ya karɓi kyautar Nobel a 1937. Gwanda wajen 60, abarba kusan 50, ɗanyen alayyahu wajen 40, mangwaro da kabeji 35 zuwa 40. Tumatir 14 kacal. Kankana 8, ita amfaninta ruwa ne da sanyaya ciki.

Ga inda mutane da yawa suke ruɗewa. Tsami ba shi ne bitamin C ba. Tsamiya, duk da yadda take kashe haƙora, bitamin C ɗinta bai kai miligiram 5 ba, wani sinadarin ne daban yake ba ta tsamin. Zoɓo ɗanye yana da kaɗan, wajen 12, kuma kafin a shanya shi, a tafasa shi, ɗan abin da ke ciki ya gudu. Don haka mai jiƙa wa kaji tsamiya yana cewa ya ba su bitamin C, ruwan tsami kawai ya ba su.

Akwai guda uku da nake so in daɗe a kansu, don su ne namu na gida.

Na farko kuka. Ba garin ganyen da ake miya da shi nake nufi ba, shi wannan an shanya shi, bitamin C ɗinsa ya riga ya tafi. Farin garin da ke cikin ƙwallon nake nufi, wanda ake kwalba da nono da shi. Yana ɗauke da daga 150 har sama da 400, ya danganta da bishiyar da kuma daɗewar da ya yi a ajiye. Abin da ya sa nake son kuka, da rani take nuna, daidai lokacin da ake buƙatar ta, kuma muddin ba a fasa ƙwallon ba, ɓawon nan mai tauri yana kare garin daga iska da haske. Wanda aka fasa aka baza a tire a rana sati guda a kasuwa ba ɗaya yake da wanda ka fasa yau da safe ba. In za ka saya don kaji, sayi ƙwallon da ba a fasa ba.

Na biyu yazawa, wato ɗan kashun nan mai ruwa da ake cire ƙwallon a yar da shi. Yana kai 200. A jihohin Kogi, Kwara da Oyo inda ake noman kashu sosai, tuli-tuli ake barin sa yana ruɓewa a gona, kuma lokacinsa ya yi daidai da watannin zafi. Matsalarsa ba ya kwana, kuma yana da ɗaure baki, don haka kaɗan-kaɗan ake ba wa kaji, a ranar da aka tsinko.

Na uku zogale. Ɗanyen ganye yana da daga 50 zuwa sama da 200, gwargwadon inda aka auna. Ka ɗaure reshe ka rataye a ɗakin kaji su yi ta tsattsaga, sun samu bitamin, sun samu abin yi, caccakar juna ma ta ragu. Amma garin zogalen da aka shanya, kar a lissafa shi a wannan layi. Yana da amfani wajen furotin da sa ƙwanduwa ta yi ja, sai dai bitamin C ɗinsa yawanci ya bi rana. Kuma kar a cika shi a haɗin abinci, in ya wuce wajen kilo 5 cikin 100 kaji sukan rage ci.

Wani abu a gefe: kar ka ji tsoron ba kaza tattasai ko attaruhu, tsuntsaye ba sa jin yaji. Piya ce ba a ba su, tana da sinadarin da ke cutar da tsuntsu.

Masara, dawa, dusa, waken suya, ƙuli-ƙuli, garin kifi, wato kusan duk abin da muke haɗa abincin kaji da kifi da shi, ka ɗauka babu bitamin C a ciki. Busasshen hatsi ba ya da shi.

To bari mu yi lissafi, don a nan ne ake gane wanda lemu zai yi wa aiki da wanda ba zai yi wa ba.

Abin da aka fi ba da shawara a lokacin zafi shi ne miligiram 200 zuwa 250 a kowane kilo na abinci. Kaza mai ƙwai tana cin wajen giram 110 zuwa 120 a rana. Ke nan kowace kaza tana neman wajen miligiram 24. Kaji 100, miligiram 2,400 a rana. In da lemun zaƙi za ka biya wannan, kana buƙatar kusan kilo 5 na tsokar lemu kullum. In da lemun tsami ne, kilo 8. Gwaiba ko garin kuka mai kyau, wajen kilo 1. In kuwa garin bitamin C ne na shagon kayan kiwo, giram biyu da rabi ne, rabin ƙaramin cokalin shayi. A buhun abinci mai kilo 25, giram 5 zuwa 6.

Kun ga inda maganar ta nufa. Wanda ya matsa lemun tsami uku a jarkar lita 25 ya ba kaji 100, kowace kaza ko miligiram ɗaya da wuya ta samu cikin 24 ɗin da take nema. Ya dai kwantar wa kansa da hankali ne.

Ni a ganina ga yadda abin ya rabu. Hajiya mai kajin gida goma ko ashirin a bayan ɗaki, gwaiba biyu zuwa huɗu da aka yayyanka, ko ludayin garin kuka da aka jiƙa aka tace, ko damin zogale, ya ishe ta, ba sai ta je shago ba. Amma da kajinka sun haura hamsin, hanyar 'ya'yan itace ta fi garin tsada, ta kuma fi shi wahala. Sayi garin, ka bar ganye da gwaiba su zama ƙari. In an matsu ba gari a kusa, fararen ƙwayoyin nan na kemis masu miligiram 100 suna yi, ƙwaya ɗaya ga kaji huɗu, a daka a narkar. Duba jikin leda ka ga ƙarfin abin da ka saya, don wasu haɗe-haɗen bitamin na kaji ɗan kaɗan ne na C a ciki, wasu ma babu.

Sai yadda ake bayarwa, wanda ya fi abin da ake bayarwa muhimmanci. Bitamin C rago ne a cikin bitamin. Zafi yana kashe shi, haske yana kashe shi, iska tana kashe shi, haka tsatsar ƙarfe da kanwa. Da ka narkar da shi a ruwa ya fara mutuwa. Don haka ba a haɗa na yini guda a zuba a baƙin tanki a bar shi a rana. Ni da sassafe nake sawa, kafin rana ta yi ƙarfi, a ruwan da na san za su shanye cikin awa biyu zuwa uku, a mazubin roba, a inuwa. In sun shanye sai a ci gaba da ruwa mai sanyi zalla. Ranar da aka ga zafin ya wuce misali, a raba biyu, rabi da safe rabi da hantsi ya ɗaga. Jira sai kaji sun fara faɗuwa da azahar sannan a ruga neman bitamin, ihu ne bayan hari.

Ruwan famfo mai kulorin, shi da bitamin C kashe juna suke yi, a tara shi ya kwana tukuna. Masu sa bakin soda saboda ɓawon ƙwai, a raba musu lokaci, kar a dama su tare a ajiye. Ranar rigakafin Lasota ko Gumboro kuwa, ruwan rigakafi shi kaɗai yake tafiya, ba lemu ba kuka ba komai mai tsami, don tsami yana iya lalata rigakafin. Bayan sun shanye da wasu awanni ka ba su bitamin ɗinka.

Masu amfani da ruwan 'ya'yan itace, ku kula da wankin mazubi. Zaƙin da ke ciki yana sa yauƙi ya kama roba, ƙuda ya taru, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Ragowar gwanda ko mangwaron da ba su cinye ba a kwashe kafin dare. Abin da ya ruɓe ko ya yi fumfuna ba na kaji ba ne, ko da kyauta aka ba ka a kasuwar 'yan lemu.

Kuma don Allah kar a ɗora wa bitamin C abin da ba aikinsa ba. Ba ya maganin farin kashi, ba ya tsayar da Gumboro, ba ya maye gurbin rigakafi. A zafin ma, shi ne na huɗu a layi. Iska ta riƙa ratsa ɗaki, a rage cunkoso, ruwa ya zama mai sanyi kuma kar ya yanke, a shimfiɗa ciyawa ko kara a kan kwano, a mayar da ciyarwa sassafe da yamma. Wanda ya cusa buroila 200 a ɗakin 100 ba taga, ko buhun bitamin ya juye musu sai ya kwashi gawa.

Mu koma wajen masu kifi, inda maganar ta fi nauyi, don a nan ba zancen lokacin zafi ba ne, na kullum ne.

Da bitamin C jiki yake gina abin da ke ɗaure ƙashi, guringuntsi, fata da jijiyoyin jini wuri ɗaya. Tarwaɗar da ba ta samu ba, ba a rana ɗaya take nunawa ba. A hankali za ka ga girma ya ja baya, rauni in ta ji ba ya warkewa da wuri, wasu bayansu ya karkace ko ya gantsare, sai kuma abin da masu kiwo suka fi tsoro, fashewar kai: jan layi ya bayyana a mahaɗar ƙashin kai, daga baya ya buɗe. Gurɓataccen ruwa da cunkoso suna ƙara rura wannan, shi ya sa da ka gani abu na farko shi ne sauya ruwa da rage abinci na kwana ɗaya ko biyu, sannan gyaran abincin. Kifin da bayansa ya riga ya lanƙwashe ba zai miƙe ba, sauran kake ceto.

Wa wannan ya fi samu? Mai haɗa abinci da kansa. Ka sayi fingalin, wata biyu na farko kana ba su abincin kamfani suna tafiya lafiya. Kuɗin buhu ya fara yi maka nauyi, sai ka koma haɗin gida: masara, waken suya, garin kifi, a kwaɓa da ruwan zafi, a matsa a inji, a baza a tamfol a rana kwana biyu. Ko ka zuba bitamin C na gama-gari a kwaɓin, ruwan zafi ya ci rabonsa, injin ya ci nasa, rana ta ƙarasa. Haka mai ciyar da kayan cikin kaji ko ragowar abinci zalla. Kamfanonin kirki wani nau'i suke sawa mai jure zafi, wanda aka ɗaure da fosfet, irin su Stay-C. In za ka haɗa abinci, shi za ka nema a wajen masu sayar da firimis. Lura da lambar da ke jiki: in an rubuta 35, ma'anarsa kashi 35 cikin 100 ne ainihin bitamin, sai ka ninka awon kusan sau uku.

Buƙatar tarwaɗa ba ta da yawa, wajen miligiram 50 zuwa 100 a kilon abinci, amma wanda ya kai bakinta da ransa. Lokacin matsi, kamar bayan tantance manya da ƙanana, bayan doguwar tafiya a jarka, ko in an ga alamar fashewar kai, akan ɗaga zuwa 500 ko fiye na sati ɗaya zuwa biyu. In garin gama-gari ne a hannunka, ga dabarar: auna abincin da za su ci yau, narkar da garin a ɗan ruwa kaɗan, yayyafa a kan ƙwayoyin abincin kana juyawa, bi shi da ɗan man girki don ya riƙe, bar shi ya sha iska a inuwa na 'yan mintuna, ka ba su nan take. Kilo 10 na abinci, giram 5 na gari, wato ƙaramin cokali ɗaya. Ba a yin na gobe a yau.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne zuba bitamin C a cikin ruwan kwami, ko jefa yankakken lemu da gwanda a ciki. Ta baki tarwaɗa take samun sa. Wanda ka zuba a ruwa zai tafi da sauyin ruwa na gaba, 'ya'yan itacen kuma su ruɓe su cinye iskar da kifin ke shaƙa. In kana son amfani da kuka ko ɗanyen zogale ga kifi, jiƙa ko markaɗa, tace, ka yayyafa ruwan a kan abinci kamar yadda na faɗa, kana sane da cewa ƙari ne.

Ko abincin kamfani ma duba ranar da aka yi shi. Buhun da ya yi wata biyar a shago mai zafi ba ɗaya yake da sabo ba. Sayi abin da zai ƙare cikin wata ɗaya ko biyu, ɗora shi a kan katako, nesa da bango da rana. Garin bitamin ɗin shi ma a rufe shi ruf a wuri mai duhu. Fari ne tas in yana da kyau, in ka ga ya koma ruwan ƙasa ya dunƙule, ƙarfinsa ya ragu.

Kai ma mai kiwon kana layin tarwaɗa ne, ba na kaza ba, jikinka ba ya haɗawa. Babban mutum yana buƙatar miligiram 75 zuwa 90 a rana, gwaiba ɗaya matsakaiciya ta biya maka wannan har da canji. Miyar da aka sa wa kanwa ta yi awa biyu a wuta kuwa, kar ka sa rai da ita a wannan fanni, gara kwaɗon da aka yanka wa ɗanyen tattasai da tumatir.

Masu ɗan fili a gefen gona, a dasa zogale a jikin shinge, gwanda da gwaiba kuma a inda ruwan kwamin kifi yake malala in an sauya. Ruwan nan taki ne, zogale cikin 'yan watanni za ka fara yanka, gwanda kafin shekara ta zagayo ta fara 'ya'ya.

Wanda yake son a yi masa lissafin nasa, ya rubuta yawan kajin ko kifin, satinsu nawa, da irin abincin da yake ba su.